Shan ruwa kafin a yi wa mutum tiyata

Yawancin marasa lafiya an saba ce musu kada su ci kada su sha daga ƙarfe 12 na dare. Abinci kam dole a daina shi da wuri, domin allurar barci tana kashe tari da haɗiya, abin da ke ciki sai ya taso ya faɗa huhu. Amma ruwa ba ya daɗewa a ciki, cikin awa 2 ya wuce. Wanda aka hana shi sha tun dare, aka shiga da shi da azahar, zai farka da ƙishirwa da jiri da ciwon kai, kuma bushewar jiki tana ƙara tashin zuciya.

Ƙa'idar da likitocin sa barci suke bi ita ce: a daina abinci awa 6 kafin aiki, awa 8 in mai maiƙo ne ko nama. Nonon uwa awa 4, madarar gwangwani awa 6. Ruwa garai kuwa ana sha har saura awa 2.

A nan ake yawan kuskure. Ruwa garai shi ne wanda in ka zuba a kofin gilashi kana hango bayansa: ruwan sha, shayi ba madara, tataccen ruwan tuffa. Kunu, koko, fura da nono, da shayi mai madara duk abinci ne, a lissafin awa 6 suke. Babba zai iya shan kamar kofi biyu, wato mililita 400, da kaɗan-kaɗan. In ka kuskure ka sha wani abu, faɗa wa nas gaskiya. Gara a ɗaga aikin.

Wannan sassauci bai shafi kowa ba. Mai toshewar hanji, mai aikin gaggawa, mai ciwon suga da cikinsa ke jinkirin narkar da abinci, da mai yawan ƙwannafi, su bi abin da likitansu ya ce kawai.

Ruwa kaɗai ba ya hana amai. Mata, da wanda mota ke sa shi amai, da wanda ya taɓa amai bayan tiyata sun fi fuskantar matsalar. Su faɗa wa likita tun kafin a shiga, don a ba su maganin hana amai, kamar ondansetron ko dexamethasone, a ɗakin tiyata. Bayan an farka, in an ba da izini, a fara da kurɓa ɗaya, a jira minti 15, sannan a ƙara.