Yadda ake gane malam-buɗe-littafin shara

Da damina, bayan Isha'i, rataya farin zane a tsakar gida, ka haska shi da fitilar sola ka jira wannan malam-buɗe-littafi na dare ya biyo hasken. Ni nan Ƙofar Sauri kusa da tarin busasshen ganyen mangwaro nake ratayawa, don matattun ganye ne abincin tsutsarsa. Masana na kiran danginsa Herminiinae.

In ya sauka, kada ka kai hannu, hodar fiffikensa gogewa take. Kifa masa kofin gilashi. Zai kwantar da fikafikai su yi kusurwa uku, launinsu ƙasa-ƙasa ko toka-toka, da siraran layuka masu lanƙwasa a gicciye.

To, duƙa ka dube shi ta gefe, nan maganar take. Gaban bakinsa akwai wasu dogayen gaɓoɓi biyu da suka miƙe, sau da yawa su lanƙwashe sama kamar ƙahon ɗan akuya. Mazan wasu nau'o'in na da tuntun gashi a ƙafafun gaba.

Manomanmu kan ɗauka uwar tsutsar masara ce, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2016, sai su kama feshi a banza. Waccan ta fi kauri, kuma fikafikanta na baya farare ne. Ɗauki hoto ta sama da ta gefe, sannan ka sake shi ya tafi.