Yadda Ake Zama wa Tsohon Fim ɗin Indiya Idan An Sako Shi a Talabijin

A gidan maƙwabta na koyi kallon Indiya. Talabijin ce baƙi-da-fari mai ƙofar katako, ana fito da ita tsakar gida bayan isha'i a ɗora kan tebur, mu yara mu baje a tabarma, wanda ya cika surutu a kora shi gida. Lokacin a Kano daga NTA sai CTV. Silima kuwa, su Plaza da Orion da El Dorado, sai dai mu ji labari a bakin yayyenmu, don iyayenmu ba sa ɗaukar wurin a matsayin wajen zuwan yaron kirki. Ba mai jin Indiyanci a cikinmu ko ɗaya, amma da bos ya fito kowa ya gane shi. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Amitabh Bachchan kuma Amita kawai muke cewa, kamar ɗan unguwarmu.

Yanzu tashoshi sun yi yawa a kan dish, da wuya mako ya wuce ba ka ci karo da ɗaya daga cikin tsofaffin nan ba. Sai dai na lura yarana minti goma suke yi su ce, "Baba, wannan ai ya cika ja," kowa ya koma kan wayarsa. Da na zauna na duba, sai na ga rabin laifin namu ne, ba mu shirya wa kallon ba. Ga yadda nake yi yanzu.

Ka fara da lissafin lokaci. Mother India na 1957 ya kusa awa uku. Mughal-e-Azam na 1960 da Sholay na 1975 kowanne ya haura awa uku. Ka ɗora talla a kai, ka ga an doshi awa huɗu. Saboda haka ka danna maɓallin jadawalin shirye-shirye a rimot ka ga awa nawa tashar ta ware wa fim ɗin. In ka ga awa biyu da rabi aka ba Sholay, to ka sani an sa masa almakashi, kuma waƙoƙi ake fara yankewa. A fim ɗin wancan zamani waƙa ba ado ba ce kawai, sau da yawa a cikinta ake faɗin abin da jarumi ya kasa furtawa a gaban manya, ko a tsallake shekaru goma, yaro ya zama saurayi kafin kiɗa ya tsaya. In an cire ta sai labarin ya yi giɓi. Irin wannan ni ba na ɓata man janareta a kansa, jira nake a maimaita cikakke.

Ka kuma sani an gina finafinan nan ne da hutun rabin lokaci. A silima ana tsayawa a tsakiya mutane su miƙe ƙafa, marubutan kuma suna ajiye wani babban al'amari daidai gaɓar, don kada kowa ya tafi gida. Tashoshi kan cire allon da ke nuna hutun, amma za ka gane wurin: an tona wani asiri, kiɗa ya tashi, kyamara ta tsaya cak a fuskar mutum. Nan ne wurin tashi a yi salla ko a zuba abinci. Mu ranar Asabar muke so, wanda ya fara bayan azahar, la'asar ta faɗo kusa da tsakiya.

Sai gyaran hoto, wanda kusan ba mai kula da shi. Finafinan shekarun 1950 hotonsu kusan murabba'i ne, talabijin ɗin yanzu kuwa mai faɗi ce, sai ta ja hoton ya cika allo. Shi ya sa za ka ga jaruma Nargis ta zama gajera mai faɗin fuska kamar an danne ta. Ka shiga saitin hoto ka mayar da shi 4:3. Baƙin da zai fito dama da hagu ba lalacewa ba ce, haka abin yake. Sholay akasin haka ne, mai faɗi aka yi shi, shi ne ma aka yi ta tallarsa da 70mm, wato faifan fim mai faɗi. A ƙaramar talabijin ɗin maƙwabtanmu gefe da gefensa duk a yanke muka gani. Sai da na girma na san ashe a wasu fitowar mutum biyu ne a tsaye, mu ɗaya da rabi muka kalla.

Kada ka yarda minti biyar na farko su wuce ka, wai ai rubutu ne. Abin da ke fara fitowa takardar hukumar tace finafinai ce ta Indiya. In ka tsayar da hoton, ko ka ɗauka da waya, za ka ga sunan fim, harshensa, tsawonsa da ranar da aka ba shi izini. Wannan kaɗai ya kashe mana gardamar shekara da muka daɗe muna yi da wani abokina a majalisa. Bayanta sai tambarin kamfani. Na Mehboob Khan, mai Mother India, guduma da lauje ne irin na 'yan gurguzu, amma muryar da ke tashi a kansa baiti take karantawa da Urdu, ma'anarsa duk sharrin da maƙiyi zai ƙulla, abin da Allah ya so shi ke faruwa. Sannan sunan fim, wanda a da yawansu ake rubutawa iri uku: da boko, da rubutun Hindi, da na Urdu. Na Urdun ɗan'uwan ajaminmu ne. Autata da ke Islamiyya ta taɓa haɗa baƙaƙen ta karanto sunan da kanta, ranar har fim ya ƙare ba ta tashi ba.

A cikin sunayen nan ka nemi na mawaƙa. Jaruman ba su ke rera waƙa ba, baki kawai suke motsawa. Muryar mace da ka ji a yawancin finafinan nan ta Lata Mangeshkar ce ko ƙanwarta Asha Bhosle. Ta maza kuwa Mohammed Rafi, ko Kishore Kumar, ko Mukesh wanda ya zama kamar maƙogwaron Raj Kapoor. Mukan yi gasa a gida, kowa ya canki mai waƙar kafin a kai amshi. Uwargida ce ke cinye mu kullum, kuma ita ce kan tuna mana wace karin ce 'yan bandiri suka ara suka ɗora yabon Annabi a kai.

To, yanzu labaran bayan fage, waɗanda su ne gishirin abin. Ka'idata ɗaya ce: ka san labarin kafin a fara, amma ka riƙe shi sai wurinsa ya zo, ko sai an tafi talla. Wanda ya zauna yana zuba tun daga farko ya fi ɗauke wuta ɓata kallo.

Ɗauki Mother India. Nargis ce Radha, uwar da ta yi noma da hannunta tana fama da bashin mai ba da rance, Sunil Dutt kuma shi ne ɗanta Birju mai taurin kai. Ka bari sai ta fito da furfura tana masa faɗa, sannan ka gaya wa 'yan kallo cewa su biyun duk a watan Yunin 1929 aka haife su, kwanaki ne tsakaninsu. Ka ƙara jira sai wurin gobara, inda ake cinna wa tarin dami wuta tana kutsawa tana neman ɗanta. Wutar gaske ce, kuma ta fi ƙarfin masu ɗauka, ta ritsa da Nargis a ciki. Sunil Dutt ne ya faɗa ya fito da ita, shi ma ya ƙone. A 1958 suka yi aure. Ɗansu shi ne Sanjay Dutt, wanda samarin Kano suka raɗa wa Ɗan Daba Mai Lasin. Ranar da na faɗi wannan, babbar 'yata ta dafe ƙirji ta ce, "Baba, uwarsa fa ya aura?" Sai da mahaifiyarta ta ce, "Ke, a fim ne uwar tasa." Fim ɗin shi ne na Indiya na farko da ya shiga sahun ƙarshe na takarar Oscar ta finafinan harsunan waje, wani fim ɗin Italiya ya kayar da shi.

Mughal-e-Azam yana da tarko guda. Asalinsa baƙi-da-fari ne, wani yanki kaɗan darakta K. Asif ya ɗauka da kala, ciki har da rawar Madhubala a fadar madubai. A 2004 aka bi shi da kwamfuta aka shafa masa kala gaba ɗaya, kuma wannan ɗin aka fi sakowa yanzu. Yana da kyau, ban ƙi ba. Amma wanda ya ga na asali ya san abin da aka rasa: ka yi awa biyu idonka ya saba da toka-toka, kwatsam allo ya fashe da ja da kore da walƙiyar gilashi ta ko'ina. In ka samu na asalin, shi za ka fara nuna wa yara. Kuma a fitowar nan da Dilip Kumar ke shafa fuskar Madhubala da gashin tsuntsu, wadda ake cewa ba a yi ta biyunta ba a nuna soyayya, su biyun a lokacin ko gaisawa ba sa yi, soyayyarsu ta zahiri ta riga ta watse. Ita kuma tana ɗauke da ciwon zuciya duk tsawon aikin, shi ya yi ajalinta a 1969 tana da shekara 36.

Sholay kuwa labaransa sun fi a ƙirga, sai ka zaɓa. Duwatsun da bos ɗin fim ɗin, Gabbar Singh, ke ɓuya a Ramanagara suke, kusa da Bangalore. Amjad Khan da ya fito a Gabbar bai kasance zaɓin farko ba, Danny Denzongpa aka ba, aikin wani fim a Afganistan ya riƙe shi. Sanjeev Kumar da ya fito a dattijo Thakur, Dharmendra ya girme shi da shekara uku. Jaya, bazawarar nan mai fararen kaya da Amita ke kallo daga nesa ba ya iya yi mata magana, matarsa ce ta aure tun 1973. Wanda na fi so shi ne na ƙarshen fim. Yadda darakta Ramesh Sippy ya ɗauka, Thakur ne ke kashe Gabbar. Hukumar tacewa ta ƙi, lokacin firaminista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci, ba a son a nuna tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa. Dole aka koma aka sake ɗauka, 'yan sanda suka iso a ƙurarren lokaci. Da ka san haka, ka kalli isowar tasu da kyau, za ka ji ɗinkin bai zauna daidai ba. A 2025, da fim ɗin ya cika shekara 50, an gyara shi aka nuna a Italiya da ƙarshensa na asali.

Sai dai ka riƙa tankaɗe abin da kake ji. A Facebook da WhatsApp an kashe Amita ya fi sau nawa, an kuma musuluntar da jarumai da yawa ba da saninsu ba. Suna da rawar da mutum ya taka ba hujja ba ne. Dilip Kumar sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, a Peshawar aka haife shi. Madhubala Mumtaz ce, Meena Kumari kuma Mahjabeen. Amita kuwa don ya fito a Iqbal a fim ɗin Coolie yana ɗaure da lamba 786 a dantse, lambar da Musulmin Indiya ke nufin Bismillah da ita, wasa ne ya yi. Ni labarin da ban ji daga bakin wanda abin ya shafa ba, ko daga wanda ya yi aikin fim ɗin, ba na kai shi gaban yara.

Game da masu fassarar Hausa, ina kallo, ina kuma dariya. Amma mai fassara yakan cusa barkwancinsa har a wurin da ake kuka, kiɗan asali kuma ya danne. Fim ɗin da kake ji da shi, ka fara ganinsa da muryoyin masu shi, ko da rubutun Turanci ne a ƙasa. Na Hausar ya zo daga baya.

In Coolie na 1983 aka sako, ka ɓoye rimot. Akwai wurin faɗa da Puneet Issar inda hoton ke daskarewa. Ranar da muka kalla ban faɗa wa kowa ba. Hoto na tsayawa babban ɗana ya yi tsaki ya miƙe zai zare dikoda, wai ta sake maƙalewa. Na ce, "Zauna, karanta abin da aka rubuta." Darakta Manmohan Desai ne da kansa ya tsayar da fim ɗin ya sa rubutu a allo, cewa a daidai nan ne Amitabh Bachchan ya ji mummunan rauni. Ranar 26 ga Yulin 1982 ce, ya faɗa kan gefen tebur da cikinsa, aka yi ta yi masa aiki, Indiya gaba ɗaya tana addu'a. A rubutun farko Iqbal mutuwa zai yi a ƙarshe. Da mutumin ya tashi daga wannan jinya, Desai ya ga ba zai iya kashe shi a allo ba, ya sauya. Yaron ya koma ya zauna, ya ajiye wayar a ƙasa, ya ce a ƙara murya.