Yadda za ka san ainihin man da a-kori-kura mai dizal ke sha idan tana jan tirelar kwana

A Amurka da Ostireliya mutane kan ɗaura wa a-kori-kura tirelar kwana, wato ɗaki mai taya da gado da kicin a ciki, su shiga doguwar tafiya. Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne shan mai. Alƙaluman da kamfani ke bugawa na motar da ba ta jan komai ne, don haka kada ka yi lissafin hanya da su.

Toyota Hilux ko Ford Ranger mai dizal takan sha lita 8 zuwa 10 a kilomita 100 idan ita kaɗai ce a kan kwalta. Ka ɗaura mata tirela mai tsayi, mai nauyin tan biyu zuwa biyu da rabi, sai ta koma wajen lita 14 zuwa 18. Manyan motocin Amurka irin su Ford F-250 da Ram 2500 sukan yi mil 10 zuwa 12 da galan ɗaya idan suna jan babbar tirela, kusan lita 20 zuwa 24 ke nan a kilomita 100. Su waɗannan manyan ma hukumar kare muhalli ta Amurka, wato EPA, ba ta lika musu takardar shan mai, saboda nauyinsu ya wuce ajin da take aunawa.

Wannan kiyasi ne kawai. Naka lissafin sai ka auna da kanka, kuma kada ka dogara da abin da allon mota ke nunawa, domin sau da yawa yakan rage. Ka ɗaura tirelar da lodinta na tafiya, ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da mitar tafiya sifili. Ka yi aƙalla kilomita 300 a irin hanyar da za ka bi, sannan ka sake cikawa kamar farko. Raba litar da ta shiga da kilomitar da ka ci, ka ninka da 100. Idan lita 48 ta shiga bayan kilomita 300, motarka na shan lita 16. Ka maimaita a tanki biyu ko uku, saboda iska da hawa suna canja sakamakon.

Daga nan sai lissafin zango. Tankin Hilux lita 80 ne. Ka bar kwata a matsayin ajiya, ka yi aiki da 60. A lita 16, kilomita 375 ke nan tsakanin gidan mai da gidan mai. Wanda ya saba yin kilomita 700 da tanki ɗaya, nan yake makalewa a daji.

Yawancin mutane nauyi suke zargi, amma a shimfiɗaɗɗiyar hanya iska ce ke shanye man. Gaban tirelar kwana bango ne mai faɗi da ya ɗara motar tsayi, kuma turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ta fi shi saurin hawa. Daga gudun kilomita 90 zuwa 110 a awa, turjiyar na ƙaruwa da kusan rabi. Shi ya sa tirela mai naɗewa, wadda rufinta ke sauka ƙasa da na motar, ba ta cin mai kamar doguwa ko da nauyinsu ɗaya. Babu gyaran da zai rage maka kuɗin mai kamar tsayawa tsakanin 85 da 95. In iska na bugowa ta gaba, ka ƙara sassauta totur. Nauyi kuwa a hawa da wajen tashi daga tsaye yake nuna kansa. Duk lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka in akwai ruwa a masauki, kada ka ɗauko cikakken tanki tun daga gida.

Wajen giya ake yawan kuskure. Direba ya ga kamar giyar ƙarshe ce mai tattalin mai, sai giyabos ya yi ta hawa da sauka, man cikinsa ya yi zafi. In motar na da maɓallin jan kaya, ka danna shi. In babu, ka riƙe ta a giya ɗaya ƙasa da ta ƙarshe. A wurin tuddai ka kashe na'urar riƙe gudu, domin takan danne totur don kada gudun ya sauka ko kaɗan.

Idan shan mai ya haura abin da ka auna ba tare da iska ko hawa ba, ka fara da tayoyi. Ka auna iskarsu da safe kafin su yi zafi, na mota da na tirela, bisa adadin da aka rubuta na ɗaukar lodi. Bayan tafiyar rabin awa ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da cibiyar kowace tayar tirela. Wadda ta fi sauran zafi sosai, ko birkinta na kamawa ko boris ya bushe, kuma wannan ya wuce batun mai, tayar na iya fita a kan hanya. Sai matatar iska, musamman bayan hanyar ƙura. Motar da ke amfani da ruwan AdBlue, wato ruwan da ke rage gubar hayaƙin dizal, kuma shi ma shansa na ƙaruwa da jan tirela, don haka ka cika shi kafin tashi, domin in ya ƙare injin ba zai ba da cikakken ƙarfi ba, wasu motocin ma ba sa sake tashi sai an zuba.