Yadda Ake Buga Hoton Katako Irin na Japan Idan Kana da Aiki da Iyali

A zamanin Edo na Japan, daga 1603 zuwa 1868, mutum huɗu ne ke taruwa a kan hoto guda: mai zane, mai sassaƙa katako, mai bugawa, da mai jarin da zai sayar. Haka aka yi sanannen hoton igiyar teku na mai zane Hokusai wajen 1831. Sai a farkon ƙarni na 20 masu sabon salon da ake kira sosaku hanga suka ce mutum ya zana, ya sassaƙa, ya buga da hannunsa. To kai da kake dawowa daga aiki a gajiye, ga yara na jira, kai ne mutum huɗun nan. Abin da zai cece ka a mokuhanga, wato bugun hoton katako irin na Japan, shi ne sanin aikin da ke iya jiranka da wanda ba ya jira.

Fara da ƙaramin zane mai launi biyu, kamar girman tafin hannu. Kowane launi da katakonsa, don haka launi shida wahala shida ce. Magabata da itacen ceri suke aiki, amma ɗan koyo ya nemi falankin itacen shina, ya fi taushi da araha.

Kafin komai, yanka kento a kowane katako: kusurwa ɗaya da ɗan miƙaƙƙen layi a gefen ƙasa, inda takarda za ta zauna. Idan suka goce ko da kaɗan, launi zai hau kan launi. Kada ka yi wannan da gyangyaɗi a ido.

Sassaƙa ita ce mai haƙuri. Minti 20 bayan yara sun kwanta ya isa: ka bi layin zanen da wuƙar hangito, ka kwashe gefe da gefe, ka ajiye. Gobe inda ka bari za ka tarar. Amma wuƙaƙen nan su kwana a akwati mai makulli, ƙyallinsu na jan yara.

Bugu kuwa ba ya son a katse shi. Ranar Juma'a da dare ka jiƙa washi, wato takardar Japan, sama-sama, ka jera ta tsakanin jaridu masu danshi, ka rufe a leda. Daga nan agogo ya fara gudu: ta bushe ta tsuke, kento ya ɓaci; ta daɗe a leda ta yi fumfuna. Shi ya sa tun ranar Laraba za ka nemi alfarmar safiyar Asabar wajen maiɗakinka, kai kuma ka karɓi yaran da yamma. Idan biki ko baƙi suka faɗo, jefa ledar a firji.

Ranar bugu ka shafa wa katakon ruwa, ka ɗiga launi, ka ƙara ɗigon nori, wato talgen shinkafa mai laushi, ka gauraya su da buroshi a kan katakon. Ka zaunar da takarda a kento, ka murza bayanta da baren, ɗan faifan nan mai rufin ɓawon gora. Gama launi ɗaya a duk takardun kafin ka ɗauko katako na biyu. Bugu biyu ko uku na farko sukan fito fari-fari don katakon bai sha ruwa ba, sai ka yi su a takardar banza.

Ba inji, ba warin fenti, teburin cin abinci ma ya wadatar. Takardun gwajin kuma ka miƙa wa yara tare da baren su murza nasu.