Darasi na 7: Kalar Bango Irin ta Masaukan Karkarar Italiya

A tsakiyar ƙasar Italiya akwai yankin Tuskani. Tsakanin biranen Fulorans da Siyena tuddai ne da gonakin inabi da zaitun. Manoma da yawa sun mayar da tsofaffin gidajensu masaukin baƙi, har gwamnati ta yi wa sana'ar doka a 1985. Giyar da suke yi ba ta shafe mu ba, ginin muke kallo: bango mai kauri, daɓen jan bulo, azara a fili, tagogin katako, da rumfar inabi a ƙofa. Abin da ya fi sauƙin kwaikwayo shi ne kalar bango, ruwan ɗorawa mai duhu ko ja-ja. Ba fenti ba ne. Farar ƙasa ce da garin kala.

Kayan aiki

Farar ƙasa ta buhu, irin wadda ake samu daga ƙonannen dutse. Garin kala na magina. Bokiti 2, rariya, babban buroshi, safar hannu da tabarau. Farar ƙasa tana cin fata, tana ƙona ido. In ta shiga ido, ku wanke da ruwa mai yawa nan take, ku je asibiti.

Haɗi

Gwangwani 1 na farar ƙasa, gwangwani 2 na ruwa. Ku dama, ku rufe, ya kwana. Da safe ku ƙara ruwa har ya yi tsararo kamar madara, sannan ku tace. Kala kuwa, gwangwani 1 ya ishi gwangwani 20 na farar ƙasa. Ku dama ta daban da ruwan ɗumi kafin ku zuba, don kada ta yi gudaji. Ku gwada a lungu tukuna, domin in ya bushe yana yin haske sosai.

Jiƙa bango

A nan ake faɗuwa, don haka ku karanta a hankali. Kafin buroshi ya taɓa bango, ku yayyafa masa ruwa. Ya yi danshi, amma kada ruwan ya riƙa gangarowa. Dalili: busasshen bango yana zuƙe ruwan haɗin nan da nan, ita kuwa farar ƙasa sai ta bushe sannu a hankali take kamawa. In ba a jiƙa ba, gobe duk wanda ya jingina zai tashi da fari a riga.

Ku jiƙa bango. Ku shafa kamu biyu zuwa uku, ku tsaya, ku taɓa gaba da tafin hannu. Ya bushe? Ku sake jiƙawa. Kada ku damu, da kun yi bango ɗaya hannu zai saba. Shafi na biyu ma sai an jiƙa. Na uku ma haka.

Wasu kan ce sauri suke yi. Saurin me? Wanda ya ƙi yayyafa ruwa na minti biyar zai kankare bango gaba ɗaya, ga asarar kuɗi. Sau nawa za a faɗa? A jiƙa bango.

Shafi

Ku ja buroshi a giciye, dama da hagu, ba a miƙe ba. Haka ake samun dabbare-dabbaren nan mai kyau. Shafin farko zai yi kamar ba a shafa komai ba. Kada ku ƙara kauri, mai kauri tsagewa yake yi. Shafi 3 ko 4, kwana ɗaya tsakani. Banda tsakar rana, banda iskar hunturu. Haɗin ba ya kama bangon da ke da fenti, sai filastar da ba a yi wa fenti ba ko yaɓe.

Darasi na 8: Rumfa

Ginshiƙai 4, sanduna a sama. Ku dasa inabi ko wani tsiro mai yaɗo a gindi, ku riƙa ba shi ruwa.

Darasi na 9: Taga

Katako, kore mai duhu. Ku nuna wa kafinta hoton tagogin irin waɗannan masaukan.