Yadda na gyara dabon soka wuƙa a kwat

A wannan dabon ana aron kwat ɗin wani ɗan kallo, a kara jarida a gabanta, a nuna kamar wuƙa ta huda ta, alhali wuƙar ba ta taɓa kwat ɗin. Tana ɓoye a bayan jaridar da ke gaba, yatsa ne ke turo yadin daga baya kamar tsini, sannan a fasa jaridar da wuƙar. To, wa zai zo kallo da kwat a zafin Sakkwato? Shadda kuwa tonon asiri ce, siffar yatsa na fitowa ɓaro-ɓaro. Sai na nufi 'yan gwanjo na sayo baƙar kwat mai kauri, mai shafi, abokina ya sa ya zauna cikin 'yan kallo. Wuƙar kuma ta cin abinci na ɗauka, dakusasshiya, gajera, wadda jarida ninki biyu ke rufewa har mariƙi.