Yadda ake yi wa katako tsagar ado, da aikin da take yi a jikin kayan ɗaki

Wata damina, cikin watan Agusta, na haɗa wa wata Hajiya ta wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina ƙyauren wadirob ɗin 'yarta da za a aurar. Falanki uku na manna da gam, sumul, ko mahaɗa ba ka gani. Hunturu na kankama ta aiko a kira ni: "Malam, zo ka ga aikinka ya buɗe baki." Katakon da ya sha laima ya bushe ya tsuke, mahaɗar ta rabu har ana hango zannuwan amarya. Laifina ne. Katako ta faɗinsa yake kumbura ya tsuke, tsawonsa kusan ba ya motsi. Da na shigar da falankin cikin juna da harshe, wato bakin ɗaya ya shige ramin da aka yanka a bakin ɗayan, ba gam, na yi wa bakin mahaɗar tsaga, da ratar ta ɓace cikin inuwar tsagar. Wannan ne babban aikinta, kwalliyar ƙari ce.

Da farko duba katakon. Madaci da loko suna karɓar tsaga da kyau in sun bushe. Ɗanye kuwa jingine shi a inuwa tukuna. MDF ma, wato allon da ake yi da garin katako da gam a matse, yana yankuwa, amma ka buɗe cikinsa ke nan, kuma cikin nan shan ruwa yake kamar soso, sai ka toshe shi da fenti sosai.

Sai awo. Ja layukanka da fensir, tazararsu ɗaya, domin ido yana saurin kama layin da ya karkace ko da milimita 2 ne. Tsagar tsaye tana sa ƙyaure ya yi kamar ya fi tsawo. Ta kwance, a garinmu, ma'ajiyar ƙura ce. Duk wanda ya goge kan gado a watan Janairu ya san abin da nake nufi. Shi ya sa na fi son tsaga mai zagayayyen ciki, wadda tsumma zai shiga ya fito da dattin, a kan mai kusurwa.

Zurfi shi ne inda yara masu koyo suke ɓata aiki. A falanki mai kaurin inci 1, milimita 3 zuwa 5 ta isa. Kada ka wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin, in ba haka ba nan zai fara tsagewa.

Ɗaure miƙaƙƙen katako a gefe ya zama jagora, ka gwada rauta, wato injin lantarki na hannu mai yanka tsaga, a guntun da ba ka so. Kada ka ci zurfin a tashi ɗaya. Bi sau biyu ko uku, hannu na tafiya ba tsayawa, don inda ka tsaya baƙin ƙuna zai fito. In babu wuta, cizal mai kaifi da haƙuri suna yi.

Naɗe sanfefa a jikin fensir ka goge cikin tsagar, ka kaɗe garin kafin fenti.

Akwai tsaga guda biyu da ba a gani, kuma ina roƙon kada a manta da su: ta ƙarƙashin bakin tebur, wadda ke tare ruwan shayi ya ɗiga ƙasa maimakon ya gangara cikin durowa, da ta ƙasan fuskar durowa, inda yatsa ke shiga a ja ba sai an sa mariƙi ba.